Na samu gurbi a KNUST: wace ƙungiyar ɗalibai ta dace da ɗan zango?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sakat tun ban taka aji ba. Allah ya nufa na samu gurbin karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST, wadda ake kira Tek, da ke nan Kumasi, a Kwalejin Injiniya, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya kai wannan mataki, don haka babu wanda zan tambaya a tsakar gida ya ba ni amsa daga abin da idonsa ya gani.

Tun ranar da sunana ya fito, ban san inda aka samo lambata ba, sai na ga ana ta jefa ni cikin zaurukan WhatsApp, har sun kai bakwai. Wani na sababbin ɗaliban injiniya ne, wani na Musulmi, wani na 'yan arewa, biyu na 'yan siyasa, sauran kuwa har yau ban gane ko na su wane ne ba. Kowanne yana cewa in tura kuɗin rajista ta momo, wato asusun kuɗi na wayar salula, kafin a buɗe makaranta, kowanne kuma yana rantsuwa cewa wanda bai shiga ba zai yi da-na-sani. Baba, wanda sana'arsa sayar da kayan gyaran mota ce a Suame, ya zaunar da ni ya ce karatu ya tura ni, bai tura ni taro ba, kuma kada ya kuskura ya ji sunana a takardar wata ƙungiya. Wani maƙwabcinmu kuwa, da ya gama hidimar ƙasa shekara biyu ke nan yana zaune ba aiki, cewa yake yi takardar shaida kaɗai ba ta sama wa mutum aiki a Gana ta yau sai da sanayya, sanayyar kuma a ƙungiyoyi ake ƙulla ta.

Ina son in san inda ake samun sahihin bayani a kan ƙungiyoyin da hukumar jami'a ta san da zamansu, da kuma guda nawa sabon ɗalibi zai iya shiga ba tare da ya cuci karatunsa ba. Sai abin da ya fi tsaya mini a rai, wato ƙungiyoyin gari da na ƙabila. Kakana daga Katsina ya zo fataucin goro ya zauna, a Kumasi aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Mahaifiyata 'yar Dagombawa ce daga Yendi, amma ni Hausa da Twi nake ji, Dagbani kuwa daga gaisuwa ban ƙara komai ba. Duk inda na ce ni ɗan Kumasi ne sai a yi murmushi a ce, to, ina ne ainihin garinku? Wace ƙungiya ce tawa a cikin waɗannan, ta Asantawa, ko ta 'yan arewa, ko babu? Haka nan ina sha'awar ƙungiyar muhawara, amma an ce mini kusan duk Kiristoci ne, kuma da addu'arsu suke buɗe taro. Shin akwai laifi ko takura idan na shiga?

Tsohon ɗalibin Tek

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki, Allah ya sa ka fito lafiya. A kwalejin da za ka shiga na yi shekara huɗu, kuma ban daɗe da barinta ba, saboda haka abin da na gani zan faɗa maka.

Kafin komai, kada ka tura wa kowa ko sisi sai ka shiga harabar makarantar da ƙafarka. Waɗancan zauruka wasu na gaskiya ne, wasu kuma na masu neman kujerar zaɓe ne da suke tara lambobin sababbin ɗalibai tun da wuri, wasu ma ba ɗalibai ne suka buɗe su ba. Ƙungiyar da ta amsa sunanta ba za ta rufe maka ƙofa don ka jinkirta mako biyu ba.

Ka sani akwai ƙungiyoyin da kai ɗansu ne tun ranar da aka rantsar da kai, ko ka so ko ka ƙi. Majalisar wakilan ɗalibai, wato SRC, ta kowa ce, kuɗinta ma yana cikin kuɗin makarantar da Baba zai biya. Bayan ita akwai GESA, ƙungiyar ɗaliban injiniya, sannan ƙungiyar sashenku. Ashe ke nan sunanka ya riga ya shiga takardu uku tun ba ka zaɓi komai ba, kuma wannan yana da kyau ka bayyana wa Baba cikin ladabi. A cikin ukun nan, ta sashenku ce za ta fi yi maka rana. A can za ka samu pasko, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a can 'yan aji uku da huɗu ke shirya wa sababbi darasin bita kafin jarrabawar tsakiyar samista, su ne suka san malamin da ba ya yafe makara da darasin da ya fi kayar da mutane, su ne kuma ke shirya ziyarar masana'antu da wurare irin su madatsar ruwa ta Akosombo. Wurin da na yi aikin koyon sana'a a hutun shekarata ta uku, wani da ya riga ni da aji biyu ne ya kai takardata, kuma ba a ko'ina na san shi ba sai a taron sashe da mutane ke raina wa zuwa.

Sauran ƙungiyoyin na ganin dama ne. A makon wayar da kan sababbin ɗalibai za ka gan su da tebura da alluna suna kiran mutane, amma sahihin bayani yana ofishin kula da harkokin ɗalibai, domin a can ake yi musu rajista. Idan wata ta burge ka, ka tambayi wane ne uban ƙungiyar a cikin malamai ko manyan ma'aikata, ka nemi a nuna maka rubutaccen tsarinta, ka tambayi yaushe aka yi zaɓen ƙarshe da kuma ko ma'aji ya karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a. Wadda ta fara kame-kame a kan waɗannan tambayoyi ka bar ta a inda ka gan ta. Kuma duk kuɗin da za ka biya a ba ka rasit.

Game da adadi, ni a ganina biyu sun ishe ka a shekarar farko bayan waɗancan na dole, kuma kada ka karɓi muƙami ko da an roƙe ka. Dalili shi ne yadda ake lissafin sakamako a Tek. Matsakaicin makinka cikin ɗari ake tarawa tun daga samistar farko har ta ƙarshe, shi ne abin da ake kira CWA. Wanda ya tashi da 70 ko sama da haka shi ke da daraja ta ɗaya, daga 60 kuma babban mataki na daraja ta biyu. Tun da tarawa ake yi, ramin da ka haƙa a shekarar farko sai ka yi shekara uku kana cike shi, wani ma har ya fita bai cike ba.

Ina jin tsoron da Baba ke yi daga abin da ya gani a talabijin ne. Tsofaffin gidajen kwanan ɗalibai shida ne, Unity da ake kira Conti, University Hall da ake kira Katanga, Africa, Queens, Independence da Republic, kuma Conti da Katanga sun shahara da waƙoƙin taron dangi na kiɗa da tafi da ake kira jama, da hamayyar da ke tsakaninsu. A 2018 aka mayar da waɗannan biyun na maza da mata, a watan Oktoba na shekarar aka yi zanga-zangar da ta kai ga rufe jami'ar, sannan a watan Agusta na 2022 ɗaliban gidajen biyu suka gwabza har aka farfasa motoci, majalisar gudanarwar jami'a ta soke tsarin shugabancin ɗalibai na gidajen kwana, ta kuma dakatar da bukukuwan mako da suke yi. Idan ka ji kiɗan jama ka tsaya ka yi kallo, domin yana da daɗi, amma ranar da ka ga ayari ya nufi gidan abokan hamayya, kai ka nufi ɗakin karatu.

Wani abu da ba ka tambaya ba: mu 'yan zangon Kumasi jami'ar ta yi mana kusa da gida ƙwarai. Daga Aboabo zuwa mahaɗar Tek tafiyar ƙaramar motar haya ta trotro ce 'yar kaɗan, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke zuwa darasi su koma unguwa kafin magariba, su yi shekara huɗu ba su san kowa ba sai wanda suka sani tun a makarantar allo. Yawancin tarurrukan ƙungiyoyi kuwa da yamma ake yi.

Ɗiyar Nima

Ƙanena, ina taya ka murna. Ni a Jami'ar Gana da ke Legon na yi, amma maganar addini a jami'o'inmu kusan ɗaya ce, don haka bari in ɗauki wannan ɓangaren.

GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana, tun 1972 take, kuma ina kyautata zaton ka san reshenta tun a sakandare. Ba ka buƙatar wani zauren WhatsApp kafin ka same ta: ka je masallacin jami'a ranar Juma'ar farko, ka jira sanarwa bayan salla. Ka shiga, kada ka yi ɗari-ɗari. Amfaninta ba ya bayyana sosai sai azumi ya kama kana tsakiyar jarrabawa, kuɗin aljihu ya ƙare, ka tarar an shimfiɗa tabarma ana raba koko da ƙosai a buɗa-baki ba tare da an tambayi sunanka ba. Haka nan idan aka sa jarrabawa ko darasi a kan lokacin sallar Juma'a, ɗalibi ɗaya ba zai iya tunkarar hukuma ba, amma shugabannin ƙungiya da uban ƙungiyarsu suna iya rubuta takarda a saurare su. Mu mata kuwa, duk ranar da maganar hijabi ta taso a wurin aikin gwaji ko a asibitin koyarwa, wurinsu muke fara zuwa.

Sai dai ina da jan kunne guda biyu da ban cika jin ana faɗa ba. Na farko, GMSA ta Musulmin Gana ce baki ɗaya, akwai Dagombawa, da mutanen Wa, da Sisala, da Gonjawa, da Fante da Asantawa Musulmi waɗanda ba sa jin Hausa ko kaɗan. Mu 'yan zango muna da halin da idan mun haɗu uku sai mu juya harshe, mu manta da na huɗun da ke zaune yana kallonmu, kuma na ga 'yan'uwa da suka daina zuwa taro saboda wannan kaɗai. Haka kuma gardamar Tijjaniyya da Ahlus Sunna da muka taso da ita a unguwa, ka ajiye ta a mahaɗar Tek kafin ka shiga, domin a sahu ɗaya za ku tsaya. Na biyu, daɗin zama cikin naka yana iya zame maka katanga. Shekarata ta farko gaba ɗaya tsakanin aji da masallaci da mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, na yi ta, ina ganin na ci riba, har ranar da aka ce in tashi in gabatar da aikin rukuninmu a gaban aji, na ji muryata tana rawa kamar wadda ba ta taɓa jin Turanci ba. Abin da ya kai ni ƙungiyar muhawara ke nan a shekara ta biyu, kuma ranar da na zauna gaban masu ɗaukar aiki, horon da na samu a can ne ya fitar da ni.

Maganar cewa kusan duk Kiristoci ne, ai haka ƙasar take. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci kashi 71.3 ne cikin ɗari, Musulmi kashi 19.9. Idan ka ce ba za ka zauna ba sai inda Musulmi suka fi yawa, ka rufe wa kanka yawancin ƙofofin jami'a, kuma gobe a wurin aiki ma haka za ka tarar. Al'adar taro a Gana sananniya ce, idan Kirista ya buɗe da addu'a sai a nemi Musulmi ya rufe. Lokacin da suke tasu ka yi shiru cikin mutunci, ba wanda zai tilasta maka cewa komai. Kuma ka shirya, domin idan kai kaɗai ne Musulmi a wurin, kai za a riƙa kira ka rufe taro, saboda haka ka tanadi gajeriyar addu'a da za ka iya fassara musu ma'anarta. Idan lokacin salla ya yi ka nemi izini ka fita, bayan mako biyu su da kansu za su riƙa tuna maka.

Za ka haɗu da ƙungiyoyin coci da yawa, irin su PENSA ta 'yan Pentecost, da Pax Romana ta Katolika, da GHAMSU ta Methodist, da GHAFES, kuma suna da himma wajen gayyata, har ɗaki za su ƙwanƙwasa maka. Ka ce ka gode, kai Musulmi ne, ka yi musu fatan alheri, kada ka mayar da abin faɗa. Shugaban limaman ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika na Christ the King a nan Accra a lokacin Ista na 2019, ya zauna aka gaisa ya fito, kuma bai rage komai a addininsa ba. Wadda ta fi taimaka mini da littattafai a shekarata ta ƙarshe mawaƙiyar coci ce, ita ke tashe ni sahur idan ta farka yin nata karatun.

Malamin sakandare a Tafo

Ɗana, yayyenka sun yi maka bayani mai kyau, amma ban yarda da cewa talabijin ce ta tsorata mahaifinka ba. Na girme shi ko mu yi sa'a, kuma na san gidajen da ake cewa kada sunanka ya shiga takarda. Wannan magana gadonta aka yi.

A shekarun neman 'yancin kai, Musulmin zango sun yi jam'iyyarsu, Muslim Association Party, wadda ta shiga zaɓen 1954, ta kuma haɗa kai da 'yan hamayya a nan Kumasi. A 1957, shekarar da aka samu 'yanci, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi, zuwa Najeriya, kuma a wannan shekarar aka yi dokar da ta hana kafa jam'iyya a kan ƙabila ko addini ko yanki. Sai kuma watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasar. Zanguna suka dare, mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba, aka sayar da gidaje da rumfuna a banza. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko ya ji daga bakin mahaifinsa, dole ya koya wa ɗansa cewa ka yi kasuwancinka, ka yi sallarka, kada ka yi fice. To, kada ka yi wa mahaifinka gardama, ka fahimci inda maganarsa ta fito, sannan ka nuna masa cewa zamani ya juya. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiya da na yin addininsa a sashe na 21. Abin da sashe na 55 ya hana shi ne jam'iyyar siyasa ta ƙabila ko ta addini, ƙungiyar ɗalibai ba ta ciki.

Yanzu tambayar ainihin garinku. Ni ma an yi mini ita fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ƙungiyoyin gari a jami'a an gina su a kan tunanin cewa kowa yana da ƙauyen da ake kai gawarsa da sarkin da yake durƙusa wa, shi ya sa Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, suke da tasu, mutanen Volta suna da tasu, Dagombawa suna da tasu, akwai kuma ta 'yan arewa gaba ɗaya. Ɗan zango bai shiga wannan ma'auni ba, domin zango masauki ne da ya zama gari. Fatake sun bi hanyar goro ta Salaga, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su zuwa wasu garuruwa, Bahaushe da Bawangare da Bamoshe da Bazabarme da Bayarabe suka auri juna, Hausa ta zama harshen tsakar gida. Saboda haka idan aka tambaye ka, ka ce Kumasi, ka tsaya a kan haka ba tare da jin kunya ko fushi ba. Mahaifinka a nan aka yanke masa cibiya, kai ma haka, kuma Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda shi ne uban jami'ar da za ka shiga, a ƙarƙashin inuwarsa zangonku yake zaune.

Amma ina ba ka shawara ka leƙa ƙungiyar ɗaliban Dagbon, ko da sau biyu ne a samista. Ɗan mace ba baƙo ba ne a gidan kawunsa. Za su yi maka dariya a kan Dagbaninka, ka bari su yi, a cikin dariyar za ka koya, kuma ranar da ka gaishe da mahaifiyarka da cikakkiyar magana a harshenta za ka ga abin da nake nufi. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da amfani na zahiri: sarakuna da 'yan majalisar yankinsu suna zuwa tarurrukansu, tsofaffin ɗalibansu suna sanar da su guraben aiki da tallafin karatu, kuma a lokacin hutu sukan koma gida su koyar da ƙannensu kyauta. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake jin kishinsa, domin yaran Aboabo da Asawase da Sawaba ma suna buƙatar wanda zai zauna da su a kan lissafi a dogon hutu, kuma ba sai an buga hatimi da kati kafin ku fara ba. Abin da za ka kiyaya a ƙungiyar ƙabila shi ne lokacin zaɓen SRC, sa'ad da ake cewa a zaɓi wane don namu ne. Ranar da ka ji haka, ka tambayi abin da zai yi.

Zaurukan siyasa biyun da aka jefa ka ciki, ina tsammanin na TESCON ne da TEIN, rassan ɗalibai na jam'iyyun NPP da NDC. Halas ne, kuma 'yan siyasa da yawa daga siyasar ɗalibai suka taso. Sai dai ka san yadda ake kallon ɗan zango a siyasar ƙasar nan, shi ake nema ranar gangami da ranar tsare akwati, a manta da shi ranar rabon muƙami. Idan za ka shiga wata rana, ka shiga da digirinka a hannu da bakin da ya iya magana, a zaunar da kai a tebur. A wannan kam ina bayan mahaifinka, ka bar su tukuna.

Wanda ya taɓa ƙonewa

Ɗan'uwa, nawa gajere ne, kuma a kaina ya faru a wata jami'a a nan kudu. Ƙungiya biyar na shiga a shekarar farko saboda ina jin kunyar cewa a'a, a shekara ta biyu kuma aka naɗa ni sakataren shirye-shirye a biyu daga ciki. Ni ne ɗaukar kujeru, ni ne neman lasifika, ni ne bin masu alkawarin gudummawa har ofisoshinsu. Kowa yana yaba mini, ana kirana shugaba a hanya, sakamako ya fito na faɗi darussa biyu, kuma a cikin masu kirana shugaba babu wanda ya zauna da ni ranar da nake sake rubuta su.

Wadda ta fi ƙona mini rai kuwa wata ce da ta kira kanta ƙungiyar koyon kasuwanci. A wani ɗakin otal suke taro, ba a cikin makaranta ba, kowa da kwat, ana tafi ana kiran sunayen waɗanda wai sun sayi mota. Aka ce in biya sidi 300 na rajista, in kawo mutum uku, su ma kowanne ya kawo uku, daga nan kuɗi zai fara shigo mini. Na biya daga kuɗin abincina, na jawo abokaina biyu, bayan wata biyu lambobin suka daina shiga. Kuɗin bai dame ni kamar idon abokan nan biyu ba. Da na yi tambayar da Yaya ya faɗa a sama, wato wane malami ne uban ƙungiyar, da tun ranar farko na gane. Duk ƙungiyar da ribarka a cikinta ta dogara ga yawan mutanen da ka kawo, ko wadda ke cewa kada ka faɗa wa kowa abin da ake yi a taro, ko wadda ke son ka yi rantsuwa da dare, ka yi nesa da ita, ka kuma sanar da ofishin harkokin ɗalibai saboda na bayanka.

Ɗan Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam, na karanta wa Baba abin da ka rubuta bayan sallar isha. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ba ni labarin wan mahaifinsa da ya tafi a 1969 da matarsa da 'ya'ya huɗu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, labarin da ban taɓa ji a gidanmu ba. Ya amince da ta masallaci da ta sashenmu, ta muhawara kuma ya ce sai ya ga sakamakon samistar farko. Mahaifiyata tun jiya take gwada ni da Dagbani tana dariya. Na fita daga zauruka huɗu. Abin da ya rage shi ne wurin kwana, domin Baba yana ganin asarar kuɗi ce in kama gado alhali ga ɗakina a gida. Yaya, me ka gani?

Tsohon ɗalibin Tek

Ƙanena, idan da hali ka nemi gado a ɗaya daga cikin gidajen kwanan jami'a ko da na shekarar farko ne kaɗai, domin sababbin ɗalibai ake fifitawa a can, kuma sun fi ɗakunan haya na Ayeduase da Kotei da Bomso sauƙin kuɗi. Gadajen suna ƙarewa da wuri, saboda haka ka riƙa duba shafin jami'a kullum, ka ajiye kuɗin a shirye. Ka faɗa wa Baba cewa aikin rukuni da darasin bita na injiniya sukan kai dare, kuma duk Juma'a da yamma za ka dawo gida ka kwana biyu. Idan bai yarda ba kada ka matsa, sai ka tambayi kowace ƙungiya ranar taronta da lokacinsa kafin ka rubuta sunanka, ka kuma samu aboki a Republic ko Independence da za ka riƙa kwana wurinsa a makon jarrabawa.